Kwamfuta mai tafiyar hawainiya: memori ne ya cika, ko dai wani abu ne daban?

Me ke sa kwamfutar da aka sayo tana gudu kamar barewa ta koma sai ka kunna ta, ka je ka yi alwala, ka yi sallah ka dawo, ba ta gama tashi ba? Kuma me ya sa duk wanda ka kai wa kuka amsarsa ba ta wuce biyu, ko ya ce memori ya cika, ko ya ce a yi mata fomat, wato a goge komai a sake saka Windows?

Tambayar ta ƙara yawa a bakin mutane tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 yadda ya saba. Har na ji ana cewa wai kamfanin ne ke rage wa tsofaffin kwamfutoci gudu da gangan don a sayi sababbi. Ba haka ba ne. Abin da aka daina shi ne aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta, babu wanda ya taɓa gudun kwamfutar kowa. Wadda take jan ƙafa yau, da ma tana jan ƙafa tun kafin wannan rana.

Ni abin da ya sa na zauna na bi lamarin daki-daki, ƙanwata ce. Tana ajin ƙarshe, tana tsaka da rubuta furojet, laftof ɗinta ta fara abin da ta saba, sai ta kai wani shago cikin garin nan na Kaduna. Mai gyaran bai ko buɗe komai ya duba ba, ya ce bairos ne, ta dawo gobe. Ta dawo ta tarar da kwamfuta fes, babi na uku na furojet ɗin ya bi ruwa tare da hotunan bikin yayarmu. Bayan mako biyu ta kira ni: "Yaya, wallahi ta koma yadda take." Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Memori biyu ne, ba ɗaya ba

Tushen ruɗanin daga waya ya zo. Mun saba cewa "memorin wayata ya cika" muna nufin hotuna da bidiyo sun cinye wurin ajiya. Da muka zo kan kwamfuta sai muka taho da kalmar, alhali a nan abubuwa biyu ne mabambanta, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Ɗauki shagon tela ana saura kwana uku sallah. Akwai telan kansa, shi ne furosesa, mai yin aikin. Akwai sito a bayan shago inda aka jibge shaddoji da atamfofin jama'a, shi ne rumbun ajiya, inda Windows da takardunka da hotunanka ke kwana ko da an kashe kwamfuta. Sannan akwai teburin yanka da ke gaban tela, inda yake shimfiɗa kayan da yake aiki a kansu yanzu-yanzu. Wannan teburin shi ne RAM. Da an kashe kwamfuta ake share shi tas, ba ya riƙe komai.

Idan teburin ƙarami ne kuma aka tara masa ɗinki biyar lokaci guda, dole tela ya riƙa kwashe wani yadin ya kai sito, ya ɗauko wani, ya sake mayarwa. Haka Windows ke yi: idan RAM ya cika sai ta ari wani sashe na rumbun ajiya ta riƙa zuba abubuwa a can. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma telan ya koma ɗan aike, rabin ranarsa a hanyar sito take ƙarewa. Shi ne lokacin da za ka danna abu ka ga ɗan da'irar nan tana ta juyi.

Saboda haka wanda RAM ɗinsa gigabait 4 ne, ko ya goge duk finafinan da ya tara ba zai ga wani canji na a zo a gani ba. Ya share sito ne, teburi kuwa yana nan yadda yake. Goge-goge na da amfani ne kawai idan rumbun ya cika maƙil har layinsa ya yi ja, domin a nan Windows ba ta samun inda za ta ara.

A tambayi kwamfutar da kanta

Kafin a kashe ko sisi, kwamfutar na iya faɗin inda ke mata ciwo. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. A shiga sashen Performance, za a ga CPU (furosesa), da Memory (RAM), da Disk (rumbu), kowanne da kason aikin da yake yi. Sai a buɗe abubuwan da aka saba buɗewa kullum, a jira ta fara jan ƙafar, a duba wane ne ya kai maƙura.

Idan Memory ne ya haura kashi 85 ko 90 ya zauna a can, teburi ne ya yi kaɗan. Idan Disk ne ya maƙale a kashi 100 na mintuna alhali ba ka kwafar komai, matsalar a rumbu take, ko kuma ƙarancin RAM ne ke wahalar da shi. Idan CPU ne ke cike ba ka buɗe komai ba, a koma sashen Processes a ga wace manhaja ce ke cin ƙarfin, domin a nan ne ake kama manhajar ɓarna idan akwai ta.

Da na yi wa ta ƙanwata haka, Chrome kaɗai da shafuka goma sha wani abu a buɗe ya kwashe mafi yawan abin da Windows ta rage mata, ga Word, ga manhajar karanta PDF. Disk kuwa yana 100 ko motsi ba ya yi. Ba bairos ko ɗaya.

'Yan gayyar soɗi

Jinkirin tashi kuma labarinsa daban. Manhajoji da yawa, da zarar an saka su, sai su rubuta sunansu cikin jerin masu tashi tare da Windows ba tare da sun yi sallama ba: Teams, OneDrive, Spotify, manhajojin sauke bidiyo, manhajar wata firinta da aka sayar tun bara. Duk suna rububin teburi ɗaya a minti ɗaya. A cikin Task Manager akwai sashen Startup, inda aka jera su har da nauyin kowacce. Wadda ba ka buƙatarta da sassafe ka kashe ta a nan. Wannan ba goge ta ba ne, tana nan, sai ka kira ta za ta zo. A dai bar na tsaro da na sauti da na madannai.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A Windows 10 da 11, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya idan tsarin Fast Startup na kunne, kuma galibi a kunne yake zuwa. Windows na adana wani ɓangare na halin da take ciki ne ta ɗora daga nan gobe. Restart shi ne ke wanke komai a fara sabo. Duba Up time a ƙarƙashin CPU, kana iya ganin kwana goma sha a rubuce alhali kullum dare kana "kashewa". Yin Restart ko da sau ɗaya a mako na warkar da ƙananan cututtuka da dama kyauta.

Sai batun manhajar kashe bairos. Wasu masu gyara kan saka biyu, wai don tsaro ya yi ƙarfi. Maigadi biyu ne a ƙofa ɗaya kowa na cajin ɗan'uwansa. Microsoft Defender da ke zuwa cikin Windows ya ishi mai amfanin gida, muddin ana sabunta shi. Manhajojin nan masu alƙawarin "ƙara gudu" da dannawa ɗaya kuwa, a ganina a cire su kawai, su ma baƙi ne a kan teburin.

Rumbu mai juyi da rumbun da ba ya motsi

A nan gizo ke saƙar. Yawancin laftof na hannu da suka cika kasuwanninmu shekarun baya, da tsohon rumbu suke zuwa, wanda ake kira HDD. A cikinsa akwai faifai na gaske da ke juyawa, galibi sau 5400 a minti, da wani ɗan hannu mai kai da komo yana neman inda aka rubuta abu. Idan babban fayil ɗaya zai karanta, yana yin wajen megabait 100 a daƙiƙa. Amma tashin Windows ba fayil ɗaya ba ne, dubban ƙananan fayiloli ne a warwatse, kuma kowanne sai hannun nan ya je ya lalubo shi.

Sabon nau'in rumbu, SSD, ba shi da abin da ke juyi, dangin memorin waya ne. Na gama-gari mai mahaɗin SATA na yin wajen megabait 500 a daƙiƙa, nau'in NVMe kuma ya haura dubu uku. Amma ba ma wannan ne babban bambancin ba, rashin lalube ne. Duk abin da aka nema yana miƙo shi nan take. Shi ya sa kwamfutar da ke cin minti uku ko huɗu kafin ta tashi kan koma tashi cikin ƙasa da rabin minti idan an canja mata zuwa SSD, ba tare da an taɓa furosesa ko RAM ba.

Idan kuɗin abu ɗaya ne a hannu, kuma kwamfutar na da HDD, ni dai SSD zan ce a fara saya kafin RAM. Dalili kuwa, ko teburin ya yi kaɗan, idan sito ya dawo dab da hannun tela wahalar ta ragu sosai. Ana iya gane wanne kake da shi a Task Manager ɗin nan, a ƙarƙashin Disk ana rubuta HDD ko SSD.

Wani gargaɗi: rumbu mai juyi yana tsufa, kuma faɗuwa ɗaya na iya illata shi. Idan ka fara jin ƙas-ƙas daga cikin laftof, ko fayiloli suna ƙin buɗewa, ko kwafar abu kaɗan na cin awa, ka daina neman gudu, ka kwashe kayanka tukuna. Akwai manhaja ta kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanta rahoton lafiyar rumbu. Idan ta nuna Caution da ruwan ɗorawa, rumbun ya fara ban kwana. Yin fomat a kan irinsa ɗora wa mara lafiya buhu ne.

Ƙara RAM ba a yin sa da ka

Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke karɓa, amma karɓa daban, jin daɗi daban. Ga mai burauza da Word da kallon bidiyo, 8 ne daidai. Mai haɗa bidiyo ko zanen gini ya nemi 16.

Sai dai RAM iri-iri ne. Akwai DDR3, DDR4 da DDR5, kuma tsagar da ke jikin kowanne ba wuri ɗaya take ba, wani ba ya shiga gurbin wani. Har cikin DDR3 akwai DDR3L mai cin wuta volt 1.35 maimakon 1.5. Misali HP EliteBook 840 da ta yi yawa a hannun ɗalibai: G1 da G2 DDR3L suke ci, G3 kuma DDR4. Suna ɗaya, ciki daban. Wasu siraran laftof kuma an liƙe musu RAM a jikin madabod, babban allon da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, ba gurbin ƙari kwata-kwata, musamman ƙananan nan masu araha da ke zuwa da rumbun gigabait 32 ko 64. Irin waɗannan sai haƙuri, araha ba ta ado.

Wani tarkon shi ne Windows mai 32-bit. Ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko an cusa mata 8 sauran zaman banza yake. Na ga wanda ya biya kuɗin ƙari ya dawo gida yana zagin mai shago, ashe tsohuwar Windows ɗin da aka saka masa ce ba ta gani. A duba Settings, System, About kafin a fita kasuwa, kuma a tafi da laftof ɗin a gwada a gaban ido.

RAM kuma yana lalacewa, ko da yake ba kasafai ba. Alamarsa ba jinkiri ba ce, rikici ne: shuɗin allo mai rubutu irin MEMORY_MANAGEMENT, manhajoji na rufe kansu, kwamfuta na sake tashi ba dalili. A danna madannin Windows da R, a rubuta mdsched, kwamfutar za ta sake tashi ta gwada RAM ɗin da kanta.

Idan ta ƙi tashi sam

Inda ta tsaya shi ke nuna mai laifi. Idan fitila ta kama, fanka na juyi, allo baƙi ƙirin, wataƙila har da ƙarar ƙit-ƙit ko fitila mai ƙyaftawa, sau da yawa RAM ne ya goce daga gurbinsa ko ƙura ta shiga tsakani. A cire caja da batir, a zare RAM ɗin, a goge bakin zinaren nan a hankali, a mayar har a ji ya ce ƙas. Idan guda biyu ne a gwada ɗaya-ɗaya.

Idan ta nuna tambarin kamfani sannan ta ce No bootable device, ba ta ga rumbu ba ne: ko ya kwance, ko ya mutu, ko an bar filash a jiki tana ƙoƙarin tashi daga kansa. Idan kullum agogonta na komawa wata tsohuwar shekara har burauza na ƙin buɗe shafuka, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, galibi CR2032, ya ƙare. Idan kuma ta kai ga tambarin Windows tana ta juyi, bayan ta gaza tashi sau biyu ko uku a jere takan shiga gyaran kanta, daga nan ana iya shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, a cire abin da aka saka na ƙarshe.

Ƙura, zafi da wuta

Duk wanda ya taɓa buɗe laftof bayan hunturun Kaduna ya san abin da ake gani: ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga. Iska ba ta fita, ga zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, sai furosesa ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Alamar ita ce kwamfuta ta fara aiki lafiya, bayan minti ashirin fanka ta hau kuka, komai ya yi sanyi ban da jikinta. Ɗora ta a kan katifa ko filo, abin da kowa ke yi, yana toshe hancinta ne. A sa mata tire ko faffaɗan littafi, a kai a hure ta sau ɗaya a shekara, a canja man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta.

Wuta ma da nata. Kwamfutar tebur da ake ɗauke mata wuta tana tsaka da rubutu a rumbu, ko laftof mai mataccen batir da ke mutuwa da an kashe janareto, fayilolin Windows ɗinsu na lalacewa a hankali har wata rana su ƙi tashi. Ga ta tebur, UPS, na'urar da ke riƙe mata wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, ba ƙawa ba ce. Cajar jabu kuma na sa wasu laftof, irin su Dell, su rage gudu idan ba su gane cajar ba.

Hujjar masu fomat

A yi wa masu gyara adalci. Fomat na da ranarsa: idan manhajar ɓarna ta yi katutu, ko Windows ta lalace ta yadda gyara ya fi sakewa wahala. Kuma mu masu kai gyara ba ma son biyan kuɗin bincike. Mutum ya ɓata awa biyu ya gano rumbu ne, ka ce ai bai yi komai ba. Fomat kuwa aiki ne da ake gani, kwamfuta ta dawo da sauƙi, kowa ya rabu lafiya.

Matsalar ita ce sauƙin na ɗan lokaci ne. Sabuwar Windows ba ta da baƙi, shi ya sa take gudu. Da an mayar da manhajoji, sabuntawa ta sauka, ƙaramin teburi da tsohon sito suna nan inda aka bar su. Wasu kuma kan saka Windows da Office na sata haɗe da manhajar buɗe su, wadda sau da yawa sai an kashe Defender kafin ta yi aiki, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Duk wanda zai miƙa kwamfutarsa, ya kwashe kayansa da hannunsa tukuna, ya kuma tambayi mai gyaran me ya gani a Task Manager.

Gyara ko sayen wata?

Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel galibi furosesa ƙarni (wato zubin ƙira) na takwas zuwa sama. Kalmar "Core i5" kaɗai ba ta faɗin komai, lambar da ke bayanta ce magana: i5-4300U ƙarni na huɗu ce, i5-8250U na takwas. Mai sayarwa zai ce maka "i7 ce Alhaji," ka tambaye shi ƙarni na nawa.

Wanda tasa ba ta kai ba, ba wai ta mutu ba ne. Microsoft ta buɗe shirin ƙarin gyaran tsaro ga masu amfanin gida zuwa 13 ga Oktoban 2026. Bayan kariya ta ƙare, haɗarin ya fi kan mai harkar banki ko mai shagon buga takardu da filash ɗin kowa ke shiga kwamfutarsa. Akwai kuma Linux Mint da ake sakawa a madadin Windows, kyauta ce, ba ta da nauyi, ta ishi mai burauza da rubutu, sai dai mai dogaro da CorelDraw ko AutoCAD ba za ta yi masa ba. Farashin RAM kuma ya tashi a kasuwar duniya tun ƙarshen 2025 saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira na wawashe shi, don haka mai tsohuwar kwamfuta ya auna kada kuɗin gyara ya kusa kuɗin wata mai ƙarni na takwas.

Ta ƙanwata ƙarni na huɗu ce, ba za ta hau Windows 11 ta ƙofar gaba ba. Mun sa mata SSD na gigabait 256, muka ƙara DDR3L guda ya zama 8, muka kashe baƙi bakwai a Startup. Tsohon rumbun da aka ciro muka saya masa ɗan gida mai igiyar USB, yanzu a cikinsa take ajiye kwafin furojet duk daren Juma'a. Babi na uku kuwa sake rubuta shi ta yi daga takardun da malaminta ya yi wa jan biro.